Conducteur a Yamai, kwandasta a Sakkwato: wa ya karkatar da kalmar?

Ba'adare_a_Yamai:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga malaman harshe na wannan zaure, kuma wani abu da ya faru a gidana makon jiya ne ya jawo ta. Ɗan ƙanwar mahaifiyata ya dawo daga Nijeriya bayan ya shekara shida yana aikin kwandasta a motocin da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Illela ta bakin iyaka. Ya biya ta Tawa ya gaida tsofaffi, sannan ya taho wurina Yamai neman abin yi. Ran nan yana yawo sai ya ga takarda liƙe a ƙofar wani kamfanin sufuri, an rubuta ana neman "conducteurs". Ba ya jin Faransanci, amma kalmar ta yi masa kama da sunan sana'arsa, saboda haka washegari ya saka shaddarsa ta Sallah ya tafi, ko shawarata bai nema ba. Abin da aka fara tambayarsa shi ne parminsa, wato takardar tuƙi, da shekarun da ya yi yana tuƙa babbar mota. Ya ce shi bai taɓa riƙe sitiyari ba, aikinsa kiran fasinja ne da karɓar kuɗi da ba da canji da ɗaure kaya. Waɗanda ke kan layi suka kwashe da dariya, ya dawo gida ko abincin rana ya kasa ci. Da na bayyana masa cewa a Faransanci conducteur direba ne, sai ya ce, "To Yaya, tsakanin Turawan Faransa da na Ingila, wa ya ɓata kalmar?" Tambayarsa ce na kawo muku.

Ɗan_Ƙonni:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi haƙuri, ba shi ne na farko ba. Mu da muke Birnin Ƙonni kullum cikin wannan ruɗani muke, domin mutum ɗaya da ke tsaye a ƙofar mota, idan yana Illela kwandasta ne, idan ya tsallako wajenmu ya zama apranti ko yaron mota, a manyan motocin da ke zuwa Yamai kuwa convoyeur ake ce masa.

Mai_Gardama:
Amsar a fili take, mutanen Ingila ne suka karkace. Conduire tuƙi yake nufi, shi ya sa takardar tuƙi take permis de conduire, kuma wanda ya yi conduire shi ne conducteur. Yaya za a ɗauki sunan mai tuƙi a ba wa mai yaga tikiti?

Mushe_Mai_Ritaya:
Ƙanena Mai_Gardama, ka yi saurin yanke hukunci. Kalmar nan ba Faransawa suka ƙirƙire ta ba, su da mutanen Ingila duk gado suka ci daga Latin, harshen Rumawa. Gaɓa biyu aka haɗa, con, wato tare, da ducere, wato jan abu ko shiga gaba a biyo ka. Conducere ke nan tattara mutane ko kaya a kai su wuri guda. A zamanin da aka yi wannan haɗi babu mota balle sitiyari, saboda haka tuƙi irin wanda muka sani daga baya ya shigo.

Wannan ducere uwa ce mai ƴaƴa da yawa, kuma mun karanta su a lakwal ba mu lura da kamarsu ba: produire, traduire, introduire, réduire, da aqueduc, magudanar da Rumawa ke jawo ruwa zuwa birni da ita. Daga gare ta dux ya fito, jagoran mayaƙa, wanda ya zama duc a Faransa, duke a Ingila, doge a birnin Venis, da Duce, laƙabin da Mussolini ya ɗauka a Italiya. A ƙasar Romaniya kuma an kira shugabannin ƙasar, Antonescu, daga baya Ceausescu, da laƙabin Conducător. Waɗanda suka yi lakwal a zamaninmu za su tuna da makin conduite da muke sa wa yara a takardar sakamako. Ba iya tuƙin yaro muke aunawa ba, yadda yake tafiyar da kansa ne, wato ladabinsa. Na sha rage wa yaro mai ƙoƙari maki a wannan layi saboda surutu.

Ɗalibar_Shari'a:
Baba Mushe, a yi mini izini in ƙara abin da muka karanta a darasin dokokin Rumawa. A Latin ita kalmar conductor kanta ba ta fi yawan nufin jagora ba, tana nufin wanda ya ɗauki haya ko ya karɓi aikin kwangila. Suna da yarjejeniya da ake kira locatio conductio. Wanda ya bayar da gida ko gona ko aiki shi ne locator, wanda ya karɓa shi ne conductor. Har yau a dokar Italiya ɗan haya conduttore ne, mai gida kuma locatore. Daga wannan reshe ne aka sami condottiere, shugabannin sojojin haya na biranen Italiya a ƙarni na 14 da na 15, saboda takardar yarjejeniyar da suke sa wa hannu sunanta condotta. Da Barume zai ga sanarwar da ɗan uwanmu ya gani, zai zaci ƴan kwangila ake nema.

Mai_Gardama:
Na karɓi gyara a kan asali, Baba Mushe, amma har yanzu ba a amsa tambayar mai tambaya ba. Jagora dai shi ne na gaba. Direba na gaba, kwandasta na baya rataye da ƙofa. Ta ina na baya ya zama jagora?

Malamin_Tarihi_Tawa:
Wannan ita ce tambayar, kuma amsarta tana cikin zamanin karusar dawaki. Kafin jirgin ƙasa, ana tafiya tsakanin biranen Faransa a babbar karusa da ake kira diligence. Mutum biyu ne ke aikinta. Akwai postillon, wanda ke tare da dawaki yana kora su, kuma ana canza shi tare da dawakin a zango-zango. Akwai conducteur, wanda shi ba ya canzawa tun daga tashi har sauka. Takardar sunayen matafiya na hannunsa, kaya da wasiƙu da kuɗi amanarsa ne, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a tsaya, kuma idan wani abu ya ɓace shi kamfani zai tuhuma. Saboda haka shi ne shugaban tafiyar, ko da bai taɓa linzami ba.

Da aka fara karusar haya ta cikin gari a Paris a 1828, wadda ake kira omnibus, tsarin bai sauya ba: cocher a gaba da bulala, conducteur a baya yana karɓar kuɗi yana taimaka wa masu hawa da sauka. A 1829 George Shillibeer, wanda ya zauna a Paris ya ga abin da idonsa, ya kai irin wannan karusa Landan, mutumin bayan kuma aka kira shi conductor. Kun ga ke nan a wancan lokaci harsunan biyu bakinsu ɗaya. Daga baya ne Faransawa suka koma kiran mai karɓar kuɗi receveur, na jirgin ƙasa mai duba tikiti contrôleur, sunan conducteur kuma ya zauna a kan mai tuƙi. Ingila ta riƙe tsohuwar ma'anar ta kawo ta Nijeriya da Gana da Kenya da Indiya, Faransa ta kawo mana sabuwar. Idan dole sai an ce wani ya sauya, to Faransawa ne, Malam Mai_Gardama.

Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce harsunan da suka ari kalmar tun tana da tsohuwar ma'anarta. A Holan har yau mai duba tikiti a jirgin ƙasa conducteur ne, da rubutun Faransanci sak, kuma daga wurinsu ta tafi Indonesiya ta zama kondektur. A Rasha da Polan konduktor ne, a Turkiyya kondüktör. Babu ɗaya cikinsu da ke tuƙi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Malamin Tarihi, Allah ya ƙara basira. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma abin da ka faɗa shi nake gani duk wata a hanyar Yamai zuwa Tawa. Direba ba ruwansa da kowa, idonsa na kan kwalta. Convoyeur ne ke riƙe da takardar sunayenmu, shi ke manna lamba a kan dilolina, shi ke sauka da takardu a shingen jandarma, shi ke cewa minti nawa za a yi a Doso ko Dogon Dutsi don salla da cin abinci, shi ke ƙirga mu kafin a tashi. Wata rana an kusa barina a Ƙonni ina alwala, shi ya buga jikin mota ya tsayar da direba ya ce kujera ɗaya babu mai ita. A wurina shi ne mai tafiyar.

Mushe_Mai_Ritaya:
Hajiya, ko sunan nasa yana bayanki. Convoyeur daga con ne da via, wato hanya, ma'anarsa wanda ya raka ka hanya, ɗan rakiya ke nan. Shi kuwa chauffeur, wato direba, da muke girmamawa, asalinsa mai hura wuta ne, daga chauffer, zafafawa, domin sunan wanda ke zuba gawayi a tukunyar injin tururi ne.

Tsohon_Direba:
Ina karanta ku tun ɗazu, kuma akwai abin da nake so a raba, domin Ɗan_Ƙonni ya haɗa mutum uku ya mayar da su ɗaya. Ni da karen mota na fara a hanyar Tawa zuwa Agadas, shekara biyar kafin maigidana ya yarda in zauna a kujerarsa. Karen mota ba ya taɓa kuɗi. Aikina shi ne in duba mai da ruwan lagireto da asuba, in ja igiyar tanti, in dafa wa maigida shayi, in kwana ƙarƙashin mota ina gadin kaya, idan kuma mun tsaya a gangare in diro da gudu in cusa waji a bayan taya kafin ta sulale. Ladana shi ne koyon tuƙi, shi ya sa Faransanci ya kira mu apprenti, mai koyo. Kwandasta kuwa ma'aji ne, jakar kuɗi na wuyansa, da yamma ya yi lissafi da mai mota, kuma yana iya tsufa bai koyi tuƙi ba, kamar yaron da ake magana a kansa. Na ukun shi ne ɗan kamasho, wanda ba ya bin mota ko'ina, yana tasha yana cika ta ya karɓi rabonsa. Sunan karen mota ba ya yi wa kowa daɗi, amma babu direban kirki a zamaninmu da bai amsa shi ba.

Ɗan_Ƙonni:
Gaskiyarka, Baba Direba, na haɗa su. Sai dai a ƙananan motoci irin faba-faba na Yamai yaro ɗaya ne ke yin duka ayyukan, shi ya sa sunayen suka cakuɗe. A Abijan, inda Adarawa da yawa suka yi ci-rani, yaron ƙaramar bas da ake kira gbaka apprenti ne kuma shi ke karɓar kuɗi, a Akara kuma yaron irin wannan mota, trotro, mate ake ce masa.

Mai_Gyaran_Kuran:
Ku ba ni wuri, domin ni conducteur ɗin da na sani ba ya numfashi. A sana'armu duk abin da wutar lantarki ke bi ta cikinsa conducteur ne, kuma a nan Faransanci da Ingilishi ba su saɓa ba. Azurfa ce ta fi kowane ƙarfe iya kai wuta, jan ƙarfe na biye da ita, sai zinariya, sai alminiyam. Saboda tsada ne wayar cikin gida take jan ƙarfe, manyan wayoyin da ke bisa dogayen turaku kuma alminiyam, don ya fi sauƙin nauyi da kuɗi. Roba da gilashi da tangaran su ne kishiya, ba sa barin wuta ta wuce, shi ya sa kuke ganin faifan gilashi ko na tangaran a jere tsakanin waya da turke. Wani Bature ɗan Ingila, Stephen Gray, shi ya gano a 1729 cewa wuta na tafiya a jikin wasu abubuwa ta ƙi wasu, abokin aikinsa Desaguliers kuma, wanda haifaffen Faransa ne da ya girma a Ingila, shi ake danganta wa sa wa irin waɗannan abubuwa suna conductor. Akwai kuma na tsakiya, semi-conducteur, irin silikon da ke cikin wayar hannu da faifan sola da muke ɗora wa mutane a rufin ɗaki. Abin da nake gaya wa yarana kullum shi ne jikin mutum ma conducteur ne, musamman da jiƙaƙƙen hannu.

Muryar_Rediyo:
A gidajen rediyon Yamai kuma conducteur takarda ce. Ita ce jadawalin shiri, an rubuta minti kaza gaisuwa, minti kaza labarai, nan a saka talla, nan a kira baƙo, kuma ni da mai kula da na'ura kowa na da kofinsa a gabansa. Ranar da na fara aiki aka ce in je in kawo conducteur, na fita harabar gidan na kirawo direba. Abin mamaki, a Italiya mai gabatar da shirin talabijin shi ne conduttore, a Meziko da Ajantina kuma conductor, alhali a Sifaniyanci wannan kalma ɗin dai ita ce direba.

Ɗan_Makaɗa:
Ba a ambaci ma'anar da ta fi shahara a Ingilishi ba, wato mutumin da ke tsayawa gaban taron makaɗa da ɗan siririn tsinke yana nuna musu inda za su shiga da inda za su sassauta. Ingilishi na ce masa conductor, Faransawa chef d'orchestre, Jamusawa Dirigent. Da can ba tsinke ba ne, doguwar sanda ce ake bugawa a ƙasa. Lully, shugaban makaɗan fadar Sarki Louis na 14, ya soki ƙafarsa da irin wannan sanda yana cikin aiki, ciwon ya ruɓe, ya ƙi yarda a yanke, shi ne ajalinsa a 1687. Mu a kiɗanmu ba mu da wanda zai tsaya ya ba jama'a baya bai kaɗa ba bai rera ba. Maigidan ƙungiya shi ke jan baiti da bakinsa, ƴan amshi su karɓa, da ido ko ɗaga hannu yake tsayar da kalangu.

Mai_Gardama:
Mun bar tasha mun shiga fadar Sarkin Faransa. Na yarda da tarihin diligence, amma ina nan kan cewa ma'anar Faransanci ta yau ta fi dacewa da hankali. Rayukan mutum saba'in na hannun wanda ke riƙe da sitiyari, ba wanda ke riƙe da biro ba.

Ɗalibin_Khartum:
A Larabci ba a tara wa kalma ɗaya wannan kaya duka ba. Direba sa'iƙ ne, wayar wuta muwassil, mai sadarwa, shugaban makaɗa ƙa'id. Mai karɓar kuɗi a mota kuwa, a Sudan da Masar kumsari ake kiransa, kalmar aro ce dangin commissario na Italiyanci da commissaire na Faransanci. Tushensu ɗaya da commission, wadda ta ba mu kamasho. Ashe ɗan kamashon da Baba Direba ya ambata da kumsarin Khartum ƴan gida ɗaya ne. Abokan karatuna na Tanzaniya kuma konda suke cewa, sun gutsure kondakta.

Malam_Nahawu:
Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda bakin Bahaushe ya sarrafa kalmar. Farkonta bai ba da wahala ba, domin ko na Ingilishi kan koma kwa a Hausa, kamar kwamiti, kwaleji, kwamanda, kwamishina, kwamfuta. Tsakiyar ce ke da ban sha'awa. A director mun ce darakta, k ɗin ta tsaya, a doctor mun ce likita, mun raba baƙaƙen da wasali, amma a nan sai k ta koma s. A ganina kunnen mutane ya jera ta ne da sunayen ma'aikata irin minista, barista da hedimasta. Ta zauna daram har ta yi jam'i irin namu, kwandastoci.

Game da asali kuma, ina roƙon Mushe ya dubi kalmarmu jagora. Ja ne da gora, wato mai jan sandar makaho yana gaba yana nuna hanya. Hoton da ke cikin ducere ke nan, ja da shiga gaba. Tuƙi kuwa ta wata hanya ya zo mana: mun tuƙa tuwo da muciya, mun tuƙa jirgin ruwa, da mota ta zo sai muka ɗora mata. A ayarin fatake na zamanin goron Gwanja ma an raba aikin nan biyu, jagaba na gaba yana duba hanya, madugu kuma shi ne uban tafiya mai yanke shawara da sasantawa da sarakunan hanya. Conducteur na diligence madugu ne, ba jagaba ba.

Mai_Gyaran_Kuran:
To Malam, tun da kundin mulkin da aka zartar a Nijar a watan Maris na 2025 ya ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, wata rana za a buƙaci koyar da sana'armu da ita. Me za mu kira conducteur na waya? Ni a bakin aiki "mai ɗaukar wuta" nake cewa, sai wani yaro ya zaci abin da ke kamawa da wuta nake nufi, wani kuma ya zaci ɗauke wuta.

Malam_Nahawu:
Ni da "mai kai wuta" zan tafi, kishiyarsa kuma "mai tare wuta", domin ko wanda bai je lakwal ba zai gane.

Ɗalibar_Shari'a:
Malam, "mai kai wuta" zai ba masu wa'azi dariya. "Mabiyar lantarki" fa, wato abin da lantarki ke bi?

Malamin_Tarihi_Tawa:
Mabiyi ai shi ne mai bi, ba abin da ake bi ba, ƴata, sai dai a sake nema. In koma kan Mai_Gardama, lokaci ma yana bayanka ta wani gefe, domin a motocin bas na Turai aikin mutumin baya ya kusa ƙarewa. A Landan an janye tsofaffin jajayen bas masu kwandasta daga zirga-zirgar yau da kullum a watan Disamba na 2005, a Paris kuma direban bas sunan aikinsa machiniste-receveur, wato an haɗa masa tuƙi da karɓar kuɗi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Su can ba sa tafiya da buhun albasa da akuya a kan mota. Ranar da aka cire convoyeur a hanyar Tawa, wa zai sauke mini diloli?

Ba'adare_a_Yamai:
Na gode muku ƙwarai. Na karanta masa jawabin Malamin Tarihi da na Malam Nahawu, kuma tun jiya yake ce wa yaran gida su riƙa kiransa madugu. Ya sami aikin lodi na wucin gadi a tashar Wadata, ya ce idan ya tara kuɗin parmi zai koma ƙofar kamfanin nan da shaddar nan tasa.

Tsohon_Direba:
Ka gaya masa kada ya yi gaggawa. Parmin B ake farawa da shi, na ƙananan motoci, C na manyan motocin kaya ne, D kuma shi ne na ɗaukar fasinja, wanda kamfanin ke tambaya. Ka turo mini shi Wadata ranar Asabar bayan la'asar, ya tambayi rumfar tsofaffin direbobi, in fara nuna masa yadda ake duba mai da ruwa.